Aikin kula da yara a kamp ɗin bazara a Amurka: tambayoyi da amsoshi kan dokar taɓa yaro

Assalamu alaikum. Bazara uku na yi ina aiki a wani kamp na kwana a tsaunukan Pokonos da ke jihar Pensilbaniya, kuma duk shekara da zarar Maris ya kama sai ƙannenmu masu karatu a nan da masu shirin zuwa da bizar J-1, wato bizar da ake ba baƙi masu zuwa karatu ko aikin ɗan lokaci irin wannan, su fara turo tambaya, kusan duk a kan abu ɗaya, wai an ce ba a taɓa yaro. Shi ne na ce bari in haɗa su waje guda. Kowane kamp yana da littafin dokokinsa, in nasu ya saɓa da abin da na faɗa a nan to nasu za ku bi.

1. Wai mene ne kamp ɗin nan, kuma mene ne aikin kaunsila?

Makarantun Amurka suna tafiya dogon hutu daga wajen Yuni zuwa Agusta, iyaye kuma suna aiki, sai su kai yaran kamp. Akwai na jeka ka dawo, akwai na kwana inda yaro zai yi sati ɗaya ko biyu, wani har sati bakwai ko takwas a daji gefen tafki, ana iyo ana tuƙa kwalekwale ana ƙwallo ana waƙa a bakin wuta. Kaunsila ba irin kansilan ƙaramar hukuma ba ne fa, kai ne mai kwana da yaran a ɗakin katako da ake ce wa kabin, ka tashe su, ka kai su cin abinci, ka raba faɗa, ka kashe fitila.

Akwai ƙungiyar kamp ta Amurka, ACA, tun 1910 take, ita ke tantance wuraren da suka nemi shaidarta. A ƙa'idarta ta kamp na kwana babba ɗaya ga yara 6 in 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, ɗaya ga 8 in 'yan 9 zuwa 14 ne, ɗaya ga 10 in 'yan 15 zuwa 18 ne. Kafin yara su iso za ku yi kusan sati kuna karɓar horo, a nan za a karanta muku dokar taɓawa ku sa hannu.

2. Da gaske ne ba a taɓa yaro kwata kwata?

A'a, wannan ƙarin gishiri ne. Ana tafawa, ana haɗa dunƙulen hannu, ana ɗan dafa kafaɗa ko saman baya na ɗan lokaci, akwai kuma rungumar gefe, wato ki tsaya kafaɗa da kafaɗa da yarinya ki ɗora hannu ɗaya a kafaɗarta ki sake. Ƙananan yara in za a tsallaka hanya ana riƙe musu hannu.

Abin da babu shi: ɗora yaro a cinya, goyo ko ɗauka a wuya, cakulkuli, kokawar wasa, sumba ko da a goshi, tausa, runguma ƙirji da ƙirji, kwanciya ko zama a cikin gadon yaro. Sannan duk inda kayan iyo ke rufewa a jikin yaro hannunki ba ya zuwa wurin, ko ta kan riga. Kuma ko abin da aka halatta ɗin ma sai yaron ya so, in kin miƙa hannu ya noƙe to shi ke nan kin bar shi, ba "haba zo mana".

3. Mece ce dokar mutum uku da kowa ke magana?

Wannan ta fi dokar taɓawar ma muhimmanci a wajena. Ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya su keɓe inda ido ba ya ganinsu. Ko manya biyu da yaro ɗaya, ko babba ɗaya da yara biyu. Yarinya ta mance tawul a kabin, ba za ki bi ta ke kaɗai ba, sai ki kira ƙawarta ku tafi ku uku. Yaro zai je wajen nas da dare, ka tashi abokin aikinka ko wani yaron. In magana ce ta sirri ku zauna a baranda ko kan benci a fili, inda za a gan ku amma ba a jin me kuke cewa.

Da farko za ka ji kamar wahala ce kawai, musamman ƙarfe biyun dare ana sanyi, amma sati ɗaya za ta zama jiki, ƙafarka da kanta za ta tsaya a bakin ƙofa in ka leƙa ka ga yaro ɗaya ne a ciki.

4. Me ya kawo wannan tsananin haka?

Ba haka kawai aka tashi aka ƙirƙira ba, yara aka cuta, da yawa kuma. A nan Pensilbaniya akwai Jerry Sandusky, tsohon mataimakin kocin ƙwallon Amurka a jami'ar Penn State, ya kafa gidauniyar taimakon yara marasa galihu a 1977, ta nan yake samun yaran da yake lalatawa, ana ganinsa mutumin kirki mai son yara. A 2012 kotu ta same shi da laifuka 45 aka yanke masa shekara 30 zuwa 60. Bayan nan jihar ta sake dokokinta, yanzu mai aiki da yara sai an binciki tarihinsa wajen 'yan sandan jiha, da rajistar masu cin zarafin yara, da zanen yatsa na FBI.

Ga Larry Nassar, likitan 'yan wasan motsa jiki na Amurka, a Janairun 2018 mata sama da 150 suka tsaya a kotu suka faɗi abin da ya yi musu da sunan magani, aka ba shi shekara 40 zuwa 175. Ga ƙungiyar sikawut ta yara maza ta Amurka, a Fabrairun 2020 ta shiga kotu ta ce ta karye saboda ƙararraki, mutum sama da 82,000 suka shigar da ƙorafin an ci zarafinsu suna yara, aka yi sulhu kan kusan dala biliyan 2.46. Duk mai kamp ya san waɗannan labaran, kamfanin inshorarsa ma ya sani, iyayen ma sun sani.

5. Ni fa ba mugu ba ne, ina da ƙanne na rene su. Wannan ba zargi ba ne?

Ɗan'uwa na fahimce ka, wallahi ranar farko da aka karanta mana ni ma sai da raina ya sosu. Mu da muka tashi goyon ƙanne tun muna shekara bakwai, yaro ya yi kuka kowa ya ɗauka ya jijjiga, maƙwabciya ta yi maka wanka ta shafa maka mai, sai a ce min kar in ɗora 'yar shekara bakwai a cinya. Na ji kamar ana min kallon abin tsoro.

Abin da ya sauya min tunani shi ne da aka yi mana bayanin yadda mugun yake aiki. Ba ya zuwa da ƙaho. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da ake lalatawa wanda suka sani suka yarda da shi ne ke yi. Yana farawa ne da abin da kowa ke yi, cakulkuli, zo hau cinyata, ga alewa kar ka faɗa wa kowa, zo raka ni ɗauko abu, sannu sannu har yaron ya saba da hannunsa, manyan ma su saba da ganinsu tare. To in mu masu zuciya ɗaya duk muna cakulkuli muna ɗora yara a cinya, shi ya samu inuwar fakewa ke nan, ba mai bambance shi da mu. Amma in kowa ya daina, ranar da ya fara shi kaɗai zai fito fili kamar baƙin tabo a farar riga. Yaran ma sun san dokar, an faɗa musu ranar farko, don haka in wani babba ya karya yaro ya san akwai abin da ba daidai ba, yana da bakin faɗa.

Shi ya sa nake cewa kar ka nemi a yi maka rangwame don kai na kirki ne. Rangwamen da aka yi maka shi ne ƙofar da wancan zai bi. Sannan dokar tana kare ka kai ma, duba tambaya ta 14.

6. Yarinya tana kukan kewar gida da dare, in zuba mata ido ke nan?

Ko kusa. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna kafin in fara, don haka bari in faɗi yadda na yi. Bazarata ta farko akwai wata 'yar shekara takwas a gadon ƙasa kusa da taga, dare na uku na ji shessheƙa a cikin bargo, irin kukan da yaro ke dannewa kar a ji. Jikina duk ya ba ni in ɗauke ta in rungume. Sai na taɓa abokiyar aikina ta farka ta zauna a gadonta, ni kuma na zauna a ƙasa kan katako kusa da gadon yarinyar, kaina daidai da nata, na rufe tocilan da tafin hannu haske kaɗan ke fita. Na tambaye ta a hankali me mamanta take yi mata in za ta yi barci, ta ce tana karanta mata littafi. Na ce in riƙe miki hannu? Ta fito da hannun daga bargo. Na riƙe yatsunta a gefen katifa, na ce ni a garinmu tatsuniya ake yi, na fara mata ta Gizo da Ƙoƙi da Turanci ina raɗa, kafin Gizo ya gama dabararsa hannun ya saki.

Washegari ita ta ce a ƙarasa, daga nan kabin ɗin gaba ɗaya suka koyi cewa "ta zo mu ji ta" in na ce "ga ta nan ga ta nanku". Abin da yaro yake nema a wannan lokacin shi ne babba wanda ba ya gaggawar tafiya. Ki sauko daidai tsayinsa, ki rage murya, ki kawo ruwa, ki ba shi abin da zai sa rai da shi gobe, ku rubuta wasiƙa gida da safe. Kuma kar ki yi alkawarin za a kira mama ko za a mai da shi gida, ba hurumin ki ba ne, in kukan ya wuce kwana biyu uku ki sanar da shugaban sashenku.

7. To in yaron ne da kansa ya rugo ya ƙanƙame ni ko ya haye cinyata?

Zai faru kullum, ƙananan musamman. Kar ki ture shi kamar ya yi laifi, wannan yana yi wa yaro ciwo. Ki juya jiki a hankali rungumar ta koma ta gefe, ki ce na ji daɗin ganinka, ki sake. In cinya ya hau ki ce zo zauna nan kusa da ni ki buga benci da hannu, ko ki miƙe tsaye kamar za ki ɗauko abu. In wani yaro ya cika manne miki fiye da sauran ki faɗa wa shugabarki tun da wuri, don a sani, wani lokacin ma alama ce ta wani abu da ke damunsa.

8. Wanka, canza kaya, fitsarin kwance, shafa man rana fa?

Wanka yaro ke yi da kansa, ke kina bakin ƙofar banɗakin inda kunnenki ke ji, ba ciki ba, kuma ba ke kaɗai ba in da hali. Ke ma ba kya canza kaya a gabansu. Man kare fata daga rana su shafa da kansu ko su taimaki juna a baya, wasu wuraren ana yarda ki fesa na feshi ba tare da hannu ba. Dajin arewa maso gabashin Amurka akwai kaska mai sa cutar Lyme, kullum da yamma ana duba jiki, amma ke tunatarwa kike yi, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, su duba kansu, in an ga ta kama sai wajen nas.

Fitsarin kwance kuwa sirri ne tsakaninki da yaron, ki ba shi kayan canji ya shiga banɗaki, in sun tafi karin kumallo ɗayanku ya cire zanin gadon ya kai wanki. Don Allah kar ki bari sauran yara su sani, irin waƙar tsokanar mai fitsarin kwance da muka sani a gida a nan laifi ne babba in babba ya bari aka yi. Kamp na yara masu buƙata ta musamman daban ne, can akwai taimakon wanka da banɗaki, amma da horo na musamman da izinin iyaye a rubuce, manya biyu, da safar hannu.

9. In yaro yana nutsewa ko abinci ya shaƙe shi ko suna dambe?

Ceton rai ya wuce dokar taɓawa, kowane kamp zai faɗa maka haka. Ka cafko shi ta duk inda hannunka ya samu. Yaro zai faɗa wuta ko gaban mota, fizgo shi. Faɗa kuma ka fara da murya, ka shiga tsakani da jikinka, ka kori 'yan kallo, ka aika a kira taimako, kar ka murɗe hannu ko ka danne yaro a ƙasa, danne yaro yana iya hana shi numfashi. Bayan komai ya lafa ka rubuta rahoto a ranar, me ya faru, ƙarfe nawa, ina ka riƙe shi, wa ya gani.

10. Yaro ya yi min rashin kunya, ko ɗan ranƙwashi babu?

Babu, Malam. Ba ranƙwashi, ba jan kunne, ba kamun kunne, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso, ba hana abinci, ba tsawa a fuska. Ko ɗaga hannu ka yi kamar za ka mara ana iya sallamarka a ranar. Na ga an sallami wani saurayi ɗan wata ƙasa don ya damƙi yaro a wuyan riga ya girgiza shi, kafin la'asar an kai shi tashar mota, kuma yana da kirki, fushi ne na minti ɗaya.

Za su gwada ka kam, yaran nan suna kiran babba da sunansa kai tsaye suna kallon cikin idonsa, a wajensu ba raini ba ne. In ka ji zuciya ta taso ka ce wa abokin aikinka riƙe min su, ka fita ka sha iska. Horon da aka yarda shi ne gargaɗi, zama gefe na ɗan lokaci inda ake ganinsa, magana da shi bayan ya huce, in ya ƙi sai sama.

11. Zan iya yi wa yara kitso?

Yawanci eh, in yarinyar ce ta nema kuma a fili ne, baranda ko ƙarƙashin bishiya, tana zaune a gabanki ba a cinya ba. Ki tambayi shugabarki tukuna. Lalle kuma kar ki sa wa kowa sai nas ta yarda, saboda wasu fatarsu ba ta ɗauka.

12. A matsayina na Musulmi ya zan ɗauki wannan dokar? Ai Annabi yana sumbatar yara.

Gaskiya ne, Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, da ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya ɗauki Umama yana sallah. Amma ka lura jikokinsa ne. Waɗannan yaran amanar wasu ce aka ba ka da sharaɗi, ka kuma sa hannu ka yarda, cika alkawari kuwa wajibi ne. Kuma addininmu ne ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, shi ya koya wa yara neman izini a lokuta uku a Suratun Nur aya ta 58, shi ya hana keɓewa. Ni dokar mutum uku ba ta zo min baƙuwa ba da na kalle ta ta nan.

Wani daɗin ma, a wurin da aka saba tambaya kafin a taɓa mutum, in kika ce ba kya musabaha da maza sai ki dafa ƙirji ki yi murmushi, ba wanda ya taɓa min gardama.

13. Yara suna son lambar wayata da Instagram ɗina, in ba su?

Kar ki bayar, kar ki karɓi nasu, ko bayan an tashi. Hira ta waya tsakanin ku biyu keɓewa ce ita ma, ta faɗa ƙarƙashin tambaya ta 3. Hoto da wayarki babu, ballantana a kabin ko banɗaki, kuma kar ki ɗora fuskar ɗan wani a status don 'yan gida su ga inda kike aiki. Kyauta ga yaro ɗaya a ɓoye ma babu, in za ki raba ki raba wa kowa. Wanda ke son rubuto miki ya aiko ta ofishin kamp.

14. In na yi kuskure, ko aka yi min ƙarya fa?

In ka tsinci kanka kai kaɗai da yaro ba da niyya ba, ko hannunka ya taɓa inda bai dace ba garin wasa, ka je da ƙafarka ka faɗa wa shugabanka kafin wani ya faɗa. Wanda ya kai kansa ana masa kallo daban da wanda aka gano. In ƙorafi ya shigo za a janye ka daga cikin yara har a gama bincike, ko da ba ka yi komai ba, haka tsarin yake. Kar ka nemi yaron ko iyayensa don ka yi bayani, ka rubuta duk abin da ka tuna. A nan ne za ka gode wa mutum na ukun nan, don shi ne shaidarka.

Masu J-1 ku kula sosai. Bizar kaunsila ba ta wuce wata huɗu, kuma tana rataye ne da kamfanin da ya ɗauki nauyinka ya ba ka takardar DS-2019. In an kore ka ka kira su nan take. In suka soke shirin naka saboda laifi, kwana 30 da ake ba mai J-1 na yawo bayan kammala aiki babu su, sai haɗa kaya.

15. Na ga abokin aikina yana karya dokar, ko yaro ya faɗa min wani yana taɓa shi. In yi shiru in rufa asiri?

Na san mun tashi da jin cewa tona asiri ba kyau, kuma ba ka son a ce kai ne munafukin da ya ci abincin wani. Amma wannan ba irin asirin da ake rufewa ba ne. In ka ga yana yawan janye yaro ɗaya gefe, yana cakulkuli, yana ba shi abu a ɓoye, ka faɗa. Ba kai za ka yanke ko mugu ne ba, wataƙila mantuwa ce a ja masa kunne ya gyara, wataƙila kuma kai ne mutum na uku da ya kawo magana a kansa.

In yaro ne ya buɗe baki, ko a kan wani a kamp ko a gidansu, ka nutsu kar ka zaro ido ko ka yi salati da ƙarfi ya tsorata ya haɗiye sauran. Ka saurara, ka ce na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka yi daidai da ka faɗa. Kar ka yi alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba, kar ka yi ta tona shi da tambayoyi, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. A Pensilbaniya ma'aikacin kamp doka ta wajabta masa kai rahoto da kansa ga layin jiha mai suna ChildLine, sannan ya sanar da darakta, faɗa wa darakta kaɗai bai sauke maka ba, kuma yin shiru da gangan laifi ne da ake gurfanarwa a kai. Ba sai kana da hujja ba, zato mai dalili ya isa. Kowace jiha da tsarinta, ka tambaya a satin horo ka ajiye lambar a aljihu.

16. Ranar tafiya gida fa, duk suna kuka suna son runguma?

Ranar kam kuka ake yi har manyan. A fili ake, iyaye na tsaye motoci na jira, yara za su yi ta faɗo miki, ki karɓe su ta gefe kamar yadda na ce a tambaya ta 7, ki durƙusa ki faɗa wa kowacce abu ɗaya da ta yi a bazarar da ya burge ki. Ni daren ƙarshe nake rubuta wa kowace yarinya a kabin ɗina 'yar takarda, duka tsawonsu ɗaya, in nuna wa shugabata, da safe in miƙa musu a gaban iyayensu.